Mai fulawar hanyar Samaru da aikin da ya yi wa okid ɗina

Bokitin ne ya fara kai ƙara. Wata safiya cikin Disamba na fito da tsintsiya zan share ƙarƙashin mangwaro, sai na tarar bokitin fentin da babbar okid ɗina, wata irin fulawa, ke ciki ya tsage tun daga baki har kusan gindi, farar saiwa ta ɓullo ta tsagar kamar taliyar da ta fi ƙarfin tukunya. Shekara bakwai tana cikin bokitin nan. Na daɗe da sanin ya yi mata kaɗan, don ko ruwa na zuba ta sama ba ya shiga, gefe yake bi ya zube. Amma kullum sai in ce bari damina ta wuce, bari a yi sallah. Tsoro ne kawai. Abu ya kai mini ƙugu, sai mutum biyu ke ɗaga shi, ban san ta inda zan kama ba.

Ba saye na yi ba. Lokacin da muke zaune a gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru, wata maƙwabciyata ce ta bar mini tukwane uku da maigidanta ya yi ritaya za su koma garinsu, ta ce motar kaya ta cika. Biyu iri ɗaya ne, masu dogon kara kamar ƙananan rake, furensu rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Ta ukun ƙarama ce, Dendrobium, mai fure shunayya. Da muka tare a gidanmu na Hanwa na taho da su a bayan akori-kura, ina riƙe da babbar da hannu biyu kamar mai jego.

Matan unguwa da ke shigowa sukan ce, "Hajiya, kauci kike kiwo a bokiti?" Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Amma ba kauci ba ce. Kauci huda reshe yake yi ya sha ruwan bishiyar da ya hau, ita kuwa wannan zama kawai take yi a kan bishiya, ba ta cin komai na mai masaukinta. Saiwarta na lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso, ita ke tsotse ruwan sama da raɓa cikin ɗan lokaci, sannan tana son ta bushe iska ta ratsa ta. Duk rigimar okid a nan take. Ka cusa saiwar nan cikin ƙasa ka danne, ka shaƙe ta ke nan. 'Yata da ta karanci ilimin tsirrai ita ta gaya mini sunan masu ɗigon damisar, wai Ansellia africana. An sa mata sunan wani Bature ne, John Ansell, wanda ya biyo ayarin Ingilishi da ya zo binciken kogin Kwara a 1841, ya gan ta a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, aka raɗa mata suna a 1844. Wato 'yar gida ce, ta nahiyar nan, a kan giginya da manyan itatuwan daji take fitowa, amma sunan baƙo ya bi ta.

Da na ga bokiti ya tsage na shiga neman wanda zai sauya mata mazubi. Masu fulawar bakin titi biyu na fara tuntuɓa. Na farko ya dubi hoton a waya ya ce ba matsala, yana da baƙar ƙasa mai kyau da kashin shanu da ya ruɓe. Na biyu ya ce zai haɗa mini da yashi. Na yi musu godiya na wuce. Na ukun, a hanyar Sakkwato tsakanin Kwangila da Samaru, wani dattijo ne da zai haura sittin, yana zaune kan benci yana cusa ƙasa a baƙar leda. Kafin ma in yi sallama idona ya faɗa kan abin da ya tsayar da ni: irin okid ɗina sak, ɗaure a jikin wata bishiya bayan rumfarsa, ba tukunya ba ƙasa, ta rungume itacen da saiwa. Na nuna masa hoton. Ya kai wayar nesa da ido, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Manta uwa ce wannan. Hajiya, a ina kika same ta har ta yi wannan girma?" Ya ce haka tsofaffi ke kiranta a garinsu, wai da can ana haɗa ta a maganin yaye don yaro ya manta da nono. Ni dai ban taɓa ba kowa ba, kuma ba zan ba kowa shawara ba, amma sunan ya fi na Baturen daɗi a kunne.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne ya ƙi karɓar aikin. Na ce masa, "Malam, gobe ma in kana da hali ka zo." Ya girgiza kai. Ya ƙara girman hoton da yatsa ya nuna mini wani ɗan tsinke da ya fito a saman kara ɗaya, wanda ni da ke gidan ban lura da shi ba. "Fure za ta yi. In na taɓa ta yanzu za ta zubar. Ga hunturu kuma, iskar nan ko leɓen mutum fasa shi take yi, balle saiwar da aka yanka. Ki samu tsohon tib na keke ki ɗaure bokitin tamau, ki bar ta. In furen ya kakkaɓe, ki riƙa duba gindin. Ranar da kika ga sabon toho ya kai tsawon yatsa, ya fara turo saiwa mai koren baki, ki kira ni." Mutumin da ke zaune bakin titi cikin sanyin Disamba, ciniki ba ya tafiya, kuɗi ya zo har gabansa ya ce a dakata wata huɗu. Ban saba ganin haka ba.

Haka aka yi. Ta yi fure a ƙarshen Janairu, ya ɗauki makonni kafin ya zube. Maris da Afrilu zafin Zariya ya yi abin da ya saba. Sai a ƙarshen Afrilu, bayan yayyafin farko, na ga toho biyar sun leƙo. Na kira shi sau shida kafin ya ɗaga, kuma wannan hali ne da duk mai son aikinsa zai haƙura da shi: wayar tana aljihun rigar da ya rataye a rumfa, shi yana can yana ban ruwa. Gara ka je da ƙafarka.

Mun yi ciniki. Ya ce naira 20,000 kuɗin hannu na tukwane ukun, muka daidaita a 15,000, kayan aiki kuma nawa ne. Ya lissafa mini: gawayi mai ƙarfi na itace, ba gari ba, a farfasa kamar girman goro; tsingaron tsohuwar randa ko tulu; da ɓawon kwakwa, wato totuwar nan mai gashi da masu sayar da kwakwa ke zubarwa. Ɓawon na samo a kasuwar Sabon Gari, buhu guda 1,500, kuma yawancin kuɗin ladan yaron da ya tattara ne. Ya ce in sassara shi gunduwa-gunduwa in jiƙa kwana uku ina sauya ruwa kullum. Ranar farko ruwan ya fito ja kamar shayin da ba madara. Kwakwa bishiyar bakin teku ce, ɓawonta kan riƙe gishiri, kuma gishiri ƙona bakin saiwa yake yi, shi ya sa ake wanke shi haka. 'Yata ta ce a ƙasashen waje ɓawon itacen fain suka fi amfani da shi, ana ma kawo shi cikin leda daga Legas, amma da na ji kuɗin na ce a kai kasuwa. Tukwane shi ya ce zai kawo, na ƙasa, don sun fi roba shan iska.

Ya ce ƙarfe takwas na safiyar Asabar. Sha ɗaya da rabi ta wuce kafin Keke Napep ya sauke shi a ƙofar gida, shi da wani yaronsa ɗan shekara goma sha bakwai haka, da tukwane huɗu, da wani buhu da ban tambayi abin da ke ciki ba. Da ma na tambaya. Lattin nan ba ƙaramin abu ba ne, don shi ya ja aikin ya shiga tsakar rana, shi kuma ya haifar da ɓarnar da zan zo kanta.

Aka fara da babbar. Ya sa aka cika bahon wanki da ruwa aka tsoma bokitin gaba ɗaya, ya nemi inuwa ya zauna yana shan ruwan sanyi har rabin awa. Na ɗauka lalaci ne. Ashe busasshiyar saiwa karyewa take yi kamar tsinke, jiƙaƙƙiya kuwa lanƙwasa take yi ta bi hannu. Da aka fito da ita bai ja ba ko sau ɗaya. Ya kwance tib ɗin, ya bi tsagar da wuƙa har ƙasa, ya sake tsaga ta ɗaya gefen, ya ɓare bokitin kamar ana ɓare dafaffen ƙwai. Abin da ya fito ya riƙe siffar bokitin daram, dunƙulen saiwa fari fat ta waje, ko yatsa ba zai shiga ba. Da ya kwantar da shi kan tabarma sai ga kyankyasai uku sun fito da gudu, bayansu tururuwa ɗauke da fararen ƙwayayensu. Shekara bakwai ina ba su masauki da ruwan sha.

Cikin ne abin gani. Ya luma babban yatsa ta ƙasa, sai ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Duk abin da maƙwabciyata ta zuba tun farko ya narke ya koma baƙin taɓo mai warin ganyen da ya kwana a kwata. Ya kamo wata saiwa ruwan ƙasa ya ja a hankali, fatar ta zame ta bar wani siririn zare. "Kin ga wannan? Gawa ce. Taɓa wannan kuma." Ya miƙo mini wata fara, na matsa, na ji ta da ƙarfi kamar ɗanyen wake. "Duk wadda ta yi miki taurin kai, rayayya ce, ko da ta yi baƙi a ido. Ba launi ake bi ba, hannu ake bi." Sai ya ɗauki tsinken tsire, ya tanƙwashe ƙafa, ya shiga saƙatar taɓon nan daga tsakanin saiwoyi, yana yi yaron na zuba ruwa da buta. Na duba agogo da ya fara, na duba da ya gama: awa ɗaya da minti ashirin, a kan tsiro ɗaya, bai ɗaga kai ba sai don ya kori ƙuda. In an tambaye ni me na saya da 15,000 ɗina, wannan zaman na saya. Ni da na yi minti goma zan kai hannu ga almakashi.

Akwai wasu siraran saiwoyi masu tsini da wannan iri ke turowa sama, su yi cirko-cirko a kewayen gindi kamar ƙayar bushiya. Kullum ina ganin sun ɓata mata kyau, na ce ya aske su tunda an zo gyara. Ya ce a'a. "Kwandonta ne. A daji da shi take tare ganyen da ya faɗo daga sama, ya ruɓe a ciki ta ci. In kin aske, kin ƙwace mata kwanon abinci." Bai taɓa ko ɗaya ba, kuma bai binne su ba.

Muka ƙirga kara 31, har da tsofaffin da ganyensu ya zube. Na so a bar ta ɗungurungum a nemo babbar tukunya. Ya ce tsakiyar ta mutu, in aka mayar haka rami za a binne, ruwa ya taru a ciki. Ya nuna mini inda ita da kanta ta rabu gida uku, kowane da sabon tohonsa. A nan ne muka ɗan yi sa-in-sa. Ya zaro wani ɗan zarto daga buhu zai ɗora, 'yata ta ce, "Baba, don Allah a ƙona shi tukuna." Ya dube ta ya yi dariya, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa dafa zarto ba. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa okid na da cututtukan bairos da ke bin ruwan jikin tsiro, wuƙar da ta yanki mai ciwo in ta yanki mai lafiya ta ɗauka ke nan, kuma ba su da magani, sai dai a jefar da tsiron. Zarton nan kuwa Allah kaɗai ya san gidaje nawa ya shiga. Bai yi gardama mai tsawo ba. Ya ce, "To, 'yar boko, kawo wutar." Aka kunna gas aka gasa zarto da wuƙa, aka bari suka huce. Na yaba da sauƙin kansa, amma a lura: ba al'adarsa ba ce. In ba ka ce ba, ba zai yi ba.

Ya yanka gida uku, 13 da 10 da 8. Ya ce kada a taɓa raba okid ƙasa da kara uku ko huɗu, don tsofaffin karan nan da ake gani kamar ba su da amfani su ne rumbunta, ruwa da abincin da sabon toho zai sha kafin ya kafu a cikinsu yake. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. Bakin yankan ya shafa masa garin gawayi, ni kuma na kawo kirfa daga kicin aka barbaɗa, a kan yankan kaɗai, don kirfa busar da saiwa take yi in ta taɓa ta. Aka bar su a inuwa su sha iska.

Tukwanen uku daidai suke, faɗin baki kamar taƙi ɗaya da rabi, ya huda kowace ta ƙasa da gefe-gefe, huda bakwai ko takwas da yatsa zai shiga. Ya jera tsingaro a ƙasa har kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne ba a tsakiya ake dasa ta ba. Ya jingina tsohon ɓangaren da bangon tukunya, sabon toho na fuskantar fili, don gaba take tafiya kowace shekara, ba ta komawa baya. Filin da ya bari gaban tohon bai wuce yatsa uku ba, ya ce na shekara biyu ne. Yana zuba gawayi da ɓawon kwakwa yana bubbuga gefen tukunya da tafin hannu su zauna, yana tura su da tsinke, gindin karan kuma a sama yake, bai nutse ba. Ya kafa gora biyu ya ɗaure da tsumman atamfa da na yage masa. Da ya gama ta farko sai ya kama karan ya ɗaga a hankali, tukunya ta biyo. "In ta biyo, ta zauna. In tana rawa, duk saiwar da ta fito iska za ta goge mata baki."

Okid ta biyu ba a raba ta ba, kara 14 ne kuma cikinta da sauƙi. Amma tukunya ta huɗu da ya kawo mata kusan randa ce. Na ce, "Malam, ba kai ka ce yatsa uku ba?" Ya ce ita ya samu, kuma za ta cika ta. Naira 6,000 ya sayar mini da ita, sauran ukun 3,500 kowace. Ina ganin ya san ba daidai ba ne, tukunyar ce ta daɗe a rumfarsa yana neman mai ɗauka. Na yi shiru don rana ta yi, kowa ya gaji. Kuskurena ke nan.

Aka kira azahar. Ya wanke hannu ya tafi masallacin bakin layi, na shiga kicin in zuba musu abinci, 'yata ta tafi ɗauko ƙaninta. Saura Dendrobium, ita kaɗai, ƙarama, kara takwas. Minti ashirin ban fi ba. Da na fito da tire sai na ga yaron ya gama da ita, yana murmushi yana jiran yabo. Bai jiƙa ba, fizgo ta ya yi daga tsohon kaskonta, rabin saiwar ta tsaya manne a jikin kasko. Ya raba ta gida huɗu, kara bibbiyu, da wuƙar da ba a sake ƙonawa ba. Ya dasa su a ƙananan tukwanen da ya gani jere a bayan ɗaki, kuma abin da ke cikin buhun nan da ban tambaya ba, baƙar ƙasa ce da taki, ya danna ta da babban yatsa kamar mai dashen tumatir. "Mama, na mayar miki da ita huɗu," in ji shi.

Ban yi wa yaron faɗa ba, abin da ya iya ya yi, kuma kullum abin da yake yi ke nan a rumfa da sauran fulawoyi. Da Malam ya dawo ya gani, ya yi salati, ya zazzage su duka, ya wanke saiwar da ta rage, ya sake dasawa a gawayi. Ya ba ni haƙuri, ya ce zai kawo mini toho daga wata Dendrobium da ke wurinsa. Amma yanka ya riga ya yanku. Biyu daga cikin huɗun suka yanƙwane suka bushe kafin wata biyu, ɗaya tana nan ba ta mutu ba ba ta yi rai ba, ɗaya ce kawai ta turo toho. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma ni a nan sarkin nake ba laifi. Wanda ya san kara biyu ba sa rayuwa, ya san yaronsa bai sani ba, kalma ɗaya ce zai faɗa kafin ya fita: kada ka taɓa. Da kuma ya zo ƙarfe takwas kamar yadda ya ce, da an gama kafin azahar.

Bayanin da ya bar mini na kulawa kuwa ya yi daidai. Kada a zuba ruwa kwana biyar, sai dai a fesa wa ganye da safe, don yankan ya warke. Mako biyu a inuwa sosai, sannan a matso da su inda ranar safe ke taɓawa. Taki kada a fara sai sabuwar saiwa ta kama gawayi, kuma kada a zuba ƙwayar takin zamani a tukunya kamar masara, a narkar da rabin ƙaramin cokali a bokitin ruwa, sau ɗaya a mako biyu, da damina kaɗai. In hunturu ya shigo a ɗauke taki, a rage ruwa, don wannan iri sai ta ji fari take fure. Ya kuma ce in tari ruwan sama a duro, ya fi na burtsatse. Wannan na gani da idona, don tukunyar da na fi ba ruwan burtsatsenmu ta yi farin gishiri a baki. Bayan mako uku ya biyo da kansa ba tare da na kira ba, ya duba, ya ƙara ɗaure gora ɗaya, ko kuɗin mota ya ƙi karɓa.

Jimillar abin da na kashe, da kuɗin hannu da tukwane da gawayin 2,000 da ɓawon kwakwa 1,500 da keken da ya kawo su 2,500, ya kama 37,500. Ba rasit, ba rubutu, magana ce ta baki.

Ukun da ya raba, ma sha Allah. Kafin ƙarshen Yuni saiwa ta fara leƙowa ta hudojin gefe. Ruwan Agusta, wanda a Zariya yakan yi kwana uku bai ɗauke ba, bai yi musu komai ba, yana shiga yana fita. Mai randar ce ta sha wuya. Tsakiyar ba ta bushewa, ganye ya fara rawaya daga ƙasa, da na tura yatsa na ji sanyi da danshi bayan kwana huɗu ba ruwa. Na janye ta ƙarƙashin baranda, da ruwa ya ja baya na zazzage ta da kaina, na tarar kusan rabin saiwar ta zama irin gawar da ya nuna mini. Na yanke, na mayar da ita ƙaramar tukunya, da tsinken tsirena da wuƙar da na gasa. Abin dariya, da iliminsa na gyara kuskurensa. Randar yanzu na'a-na'a ce a ciki, ta kuwa ji daɗinta.

Duk mai babbar okid a Zariya da ta fasa mazubi, ko ta hau bakinsa tana neman tsallakewa, zan ce ya neme shi, don ban ga wani a garin nan da ya san saiwa kamarsa ba. Amma ka sayi tukwanenka da kanka bayan ka auna gindin, ka leƙa duk buhun da aka shigo da shi, ka kunna wuta ka miƙa masa wuƙa, kuma kada ka bar tsakar gida ko na minti biyar. In kuma sabuwa kake so, ka ce ya ba ka wadda aka raba daga ta gida. Ya gaya mini akwai masu ɓamɓaro su daga bishiyoyin daji su kawo talla a buhu, yawancinsu a hanya suke mutuwa, kuma wannan iri tana cikin jerin tsirran da masana suka ce suna raguwa a daji saboda irin wannan ɗiba.

A Janairun nan mai kara 13 ta fitar da zangarniya biyu, na ƙirga fure 40 da wani abu a ɗaya kafin na rikice. Sauran biyun ba su yi ba, ya ce sai baɗi, wadda aka raba takan huta shekara. Tohon Dendrobium da ya yi mini alkawari kuwa har yau bai iso ba. Makon jiya na tsaya a rumfarsa ina dawowa daga Samaru, na ce, "Malam, bashina fa?" Ya kai ni bayan rumfa ya nuna mini ita, ya ɗaga ganye ya nuna gindin, ba toho ba sabuwar saiwa. Ya ce, "Hajiya, ke da kanki kin san yanzu ba lokacin taɓa ta ba ne. Sai ruwa ya sauka." Na duba gindin da kyau, na sa yatsa na taɓa, na ce to Allah ya kai mu.